Makullin Ɗakin Daddawar Tabawa

Ku gyara zama. Mai waya a hannu ya kife ta, don ba na maimaita magana. Ga ta nan ta iso gare ku, kuma ba irin wadda ake ji a karkaɗe zani a tashi ba ce. In na kai ƙarshe sai kun yanke mini hukunci.

A garin Rafin Gawo an yi wata mata, Tabawa mai daddawa. Shekara talatin da 'yan kai tana dafa kalwa, ta surfa, ta wanke, ta lulluɓe ta kwana uku, ta kirɓa, ta mulmula. Duk tukunyar miyar da ta yi ƙamshi a garin nan da hannunta a ciki. Mace ce mai kaifin harshe. Ba ta roƙo, ba ta son a tausaya mata. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'yarta ɗaya tana aure a nesa, daga ita sai ƙanwarta Hansai a gidan.

Wata safiya tana tsugune gaban tukunya jini ya hau mata kai. Da ta farfaɗo, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshen nan kuma ya tafi. Tana ji, tana gane komai, amsa na tsaye a maƙogwaronta, amma ba ta fita. Daga baya ƙafar ta ɗan dawo, tana ja. Hannun da bakin ba su dawo ba.

Asibitin garin taku kaɗan ne daga ƙofar gidanta. Can bayansa, ƙetaren wani kwazazzabo da ruwa ya ci, akwai rumfar kwano inda masu irin ciwonta ke taruwa ran Talata da Alhamis su motsa jiki. In ƙasa a bushe take, ta cikin kwazazzabon ake bi, har da masu keken guragu. In ruwa ya zo, sai katako biyu da aka gitta a kai. Mai koya musu wata ma'aikaciya ce, Malama Atine, siririya, ba ta da hayaniya, amma ba a ƙetare maganarta.

Ga yadda take yi da su. Kafin a fara ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta kama wuyan hannu tana duban agogo. In an gama ta sake kamawa, in an huta ta kuma kamawa. Ta ce ba gudun zuciya take aunawa kawai ba, har da saurin komawarta mazauni. Ta ce musu: “Zuciya jaki ce. Ka bar shi a turke ya lalace, ka lafta masa kaya ya durƙushe.” Sannan su yi da'ira, kowa ya riƙe na kusa da shi da hannunsa mai rai don kada wani ya faɗi. Ba ta jera su maza ban da mata ba, ta jera su ne gwargwadon ɓarin da ya mutu. An yi gunaguni da farko, har wani tsohon liman da ke cikinsu ya ce lalura ce, kowa ya haƙura.

Da waƙa suke takawa. Mutum ɗaya ya bayar, sauran su amsa. Malama Atine ta kafa musu doka a kan haka: “Wanda numfashinsa ya kasa ɗaukar amshi, zuciyarsa ta ce ya isa. Ya zauna, ba abin kunya ba ne.” Ita kuma tana kewayawa tana sauraro, bakin da ta ji ya yi shiru ta zaunar da mai shi. Dabara ce mai kyau, ban raina ta ba. Amma bakin Tabawa kullum shiru yake. Don haka ita kaɗai Malama ke zuwa ta kama wa hannu a tsakiyar takawa.

Abin ya karɓi Tabawa. A gida in ta taka goma ta zauna. A rumfa, cikin mutane, sai ta taka arba'in ba ta sani ba, jama'a na jan ta kamar yadda ake jan mai gajiya a wajen gayya. A watan farko in an tsaya ƙirjinta na dukan tara-tara har a gama shan ruwa. A wata na biyar, kafin ta gyara ɗankwali ya kwanta. Da ta ga haka sai ta yi abin da masu taurin kai ke yi: ta ce a ranta ta warke, ta daina shan 'yar ƙwayar da likita ya ce kada ta ƙetare. Hansai na ba ta, tana tusawa ƙarƙashin katifa.

Mutum uku ta saba da su a rumfar.

Na farko Cindo, makaɗin kalangu. Shekara arba'in yana kiɗan mahauta da na biki. Ciwon ya kashe masa ɓarin hagu, ya karkace masa baki, in yana magana kamar mai tauna ɗanyen rogo, ba mai ganewa. Shi ke tsayawa a hagun Tabawa, hannunsa na dama riƙe da wuyan hannunta na hagu. Daga wani ƙauye ƙetaren gulbi ɗan ƙanensa ke kawo shi a babur.

Ta biyu Yelwa maguɗiya. Ba amaryar da aka kai ɗaki a ƙasar nan a zamaninta ba da guɗarta ba. A tsakiyar guɗa ma ciwon ya same ta, a gidan biki, hannunta na kan hanci ta zube. Ƙafafunta ba su sake ɗaukar ta ba, a keke take, amma bakin ya tsira. Ita ke bayar da waƙa. Guɗa kuwa ta rantse ta bar ta, likita ma ya ce irin wannan yunƙurin kan tayar da jini. Tana zaune a gidan ɗan mijinta a ɗaya ƙarshen garin.

Na uku Nomau ɗan dako. Buhun da bai hau bayansa ba a kasuwar hatsi bai shigo garin ba. Shi ƙafafunsa sun dawo sarai, hannun dama ne ke lilo, kansa kuma ya zama rariya, abin da aka faɗa masa da safe ya zube kafin azahar. An gaya masa zuciyarsa ta kumbura, kada ya ƙara ɗaukar abin da ya fi buta nauyi. Wannan kam Malama Atine ta maimaita masa har ya zauna. Ba mata, ba ɗa, a rumfar tasha yake kwana, tafiyar sa'a guda a ƙasa.

Yelwa ba ta barin kowa ya huta. “Cindo, ɗaga ƙafar nan, ba rakiyar amarya kake ba.” Ya yi mata wani gurnani, ta ce, “Na ji, ni ma uwarka.” A kwashe da dariya. Ta juya kan Nomau: “Kai kuma buhu nawa yau?” Ya ce, “Yaya Yelwa, yau kaina kawai na ɗauko, shi ma ban cika shi ba.” Tabawa ba ta dariya a fili, amma gefen bakinta mai rai yakan motsa.

To, ran wata Alhamis cikin tsakiyar damina, sun fara ke nan sama ta ɓalle. Ruwa na dukan kwano kamar ana zuba tsakuwa, kwazazzabon ya cika ya tumbatsa. A ranar an kawo wani sabon mutum mai tsoron tsayuwa, Malama Atine na can ƙarshen rumfa ta ba su baya tana lallashinsa. Sanyin ruwa ya sa wa jama'a karsashi. Yelwa ta ɗaga murya don ta fi ƙarfin kwano:

“Ɗaga ƙafa, aje ƙafa!”

Suka amsa: “Mun ɗaga, mun aje!”

“Wanda ya zauna tuwo ya wuce shi!”

“Mun ɗaga, mun aje!”

Cindo na buga ƙafarsa mai rai yana riƙe musu lokaci, daɗin abin ya ɗebe shi, ya riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan yadda makaɗa ke yi in fage ya ɗau zafi.

A taku na talatin Tabawa ta ji wani abu ya kama mata ƙirji, kamar an ɗora turmi. Ta san dokar. Benci na bayanta, taku ɗaya. Tana shirin ja da baya sai Yelwa ta sako sunanta a waƙa:

“Tabawa ta Rafin Gawo, miya ba ke lami ce!”

“Mun ɗaga, mun aje!”

Shekara guda rabon da wani ya yi mata kirari. Ido duk ya dawo kanta. Mace irin Tabawa, ana kiran sunanta a fage ta zauna? Ta cije, ta ɗaga ƙafa. Duhu ya fara shigo mata ta gefen ido. Ba mai jiran amshi daga bakinta, don haka ba wanda ya ji ya ɓace.

Cindo ne ya sani. Wata biyar yatsunsa na kan wuyan hannun nan, ya haddace tafiyar jininta kamar taken wani basarake. Yau ya ji kiɗan ya watse: uku da gudu, sai shiru, ɗaya, shiru, sai biyar a hargitse. Ya buɗe baki ya yi kira, abin da ya fito ba magana ba ce, ruwa ma ya haɗiye shi. Sakin ta ba dama, ta fara jingina da shi. Hannu ɗaya gare shi, yana riƙe da ita. Sai ya yi abin da ya iya. Ya saki lokacin waƙar, ya tattara nauyinsa kan matacciyar ƙafa, ya shiga buga mai ran a ƙasa yadda zuciyar Tabawa ke bugawa: uku, shiru, ɗaya, shiru, biyar. Na kusa suka yi dariya, wani ya ce, “Yau makaɗi ya sha ƙasa.” Bai daina ba, har gwiwar da ba ta jin komai ta lanƙwashe ya faɗi a kanta. Ko a ƙasan bai saki hannun ba.

Yelwa ce ta gane. Gidan biki nawa ta tsaya kusa da kalangun Cindo, ta gan shi da zazzaɓi, ta gan shi ranar da ya binne ɗansa, bai taɓa ɓata kiɗa ba. In Cindo ya buga karkatacce, to karkataccen abu yake faɗa. Ta bi hannunsa da ido har wuyan hannun da ya riƙe, ta ɗaga kai ta ga fuskar Tabawa ta yi toka, gumi na zuba a wannan sanyi. Ta kira Malama, ta sake kira. Mutum ashirin na amshi, kwano na ruri, ba a ji ba. Murya ɗaya ta sani da ke keta kowace hayaniya, ita ce kuma wadda ta kwantar da ita. Ga shi asibiti ne, inda wasu ke kuka da gawa. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Ba ta tsaya ba sai da numfashi ya ƙare, ta ja wani ta sake. Rumfa ta yi tsit. Malama Atine ta juyo a guje. Can ƙetaren ruwa, likita da ma'aikata suka fito baranda su ga wace mahaukaciya ce ke biki a asibiti.

Malama Atine ta ɗora kunne a ƙirjin Tabawa, ta ɗago ta ce, “Sai an kai ta wurin likita yanzu-yanzu.” Ta dubi kwazazzabo. Gadon tura marasa lafiya na can ƙetare, ba ya hawa katako biyu. Ita ba ta kai rabin Tabawa nauyi ba. Sauran, ban da Nomau, duk masu jan ƙafa ne.

Nomau ne ya ɗauka. Bai san me ya faru ba, bai tambaya ba. Ya ga kaya a ƙasa, ya ga inda za a kai. Ya durƙusa ya ce, “Ku ɗora min.” Malama ta ce, “Nomau, an hana ka.” Ya ce, “Na tuna, Malama. Wannan ban manta ba. Ku ɗora.” Aka ɗora masa ita a baya, aka ɗaure da mayafin Yelwa, ya cije bakin mayafin da haƙori, ya tallafe ta da hannu ɗaya. Ya hau katakon nan mai santsi, ruwa na gudu a ƙarƙashi, yana taka shi a karkace yadda yake hawa bayan babbar mota da buhun gero. Tabawa, da ɗan sauran hankalinta, ta ji wata zuciya na dukan ƙirjinta ta bayansa, ba ta san tata ce ko tasa ba. Ya sauke ta a hannun likita a baranda, ya ce, “Ga shi nan,” ya zauna a ƙasa, ya kife.

Likita ya ce da an ƙara lokacin da mace ke dama fura, da sai dai a wanke ta.

Kwananta goma sha biyu a gado. Hansai ta ɗaga katifa don shanya ta ga ƙwayoyi zube kamar an watsa wake, ta kawo su asibiti a ƙulle a gefen zani ta zazzage a gabanta. Tabawa ta kau da kai. Tun daga ranar ba ta sake ƙetare ko ɗaya ba. Malama Atine kuma ta sauya tsari, ta ɗaura wa duk marar baki jan ƙyalle a hannu, ya ɗaga in ya gaji.

Su ukun kowa ya biya. Gwiwar Cindo ta tsage, sai da sanda biyu, hawa babur ya zame masa azaba, ɗan ƙanen nasa ma ya ce noma ya kankama, gulbi ya kawo, ba zai iya jigilar nan ba kuma. Jinin Yelwa ya hau, ta kwana uku ba ta gane mutane, da ta tashi muryar ta dushe, ba a jin ta sai an matso. Ɗan mijinta aka yi masa canjin wurin aiki, zai kwashe gidan zuwa birni, ya ce ta bi su ta zauna a bene hawa na uku. Nomau ya yi kwana tara a gado. Ya tashi, amma in ya taka daga nan zuwa bakin titi sai ya tsaya ya dafa bango. Tafiyar sa'a guda daga tasha ta fi ƙarfinsa har abada.

Kowa a rumfar ya san abin da ke samun wanda ya daina zuwa. Sun gani a kan wani Malam Jibo, wanda ya kai taku hamsin, aka mai da shi ƙauye, kafin kaka ya koma kwance, kafin wata damina aka yi sadakar bakwai ɗinsa. Malama Atine ba ta ɓoye musu ba: jakin da aka mayar turke ba ya daɗewa.

Tabawa na da ɗaki ɗaya da ba kowa a ciki, inda take rufe kalwa a da. Ƙofarsa waje take kallo, ba ta cikin gida ba, don haka namiji ko mace duk ba abin magana. Daga bakinsa ana hango rufin rumfar. Hansai ta ce tuwon mutum uku ba ya gagarar ta. Amma ɗakin in ka miƙe ƙafa ka taɓa bango, gado ɗaya ya cika shi. Kada wanda ya ce min su raba, na riga na auna muku shi. Cikin gida kuwa ɗaki ɗaya ne, ita da Hansai da tarkacensu, keke ma ba ya shiga ƙofar.

Ran wata Juma'a da hantsi Tabawa ta yi wa Hansai nuni ta tara mata su ukun a zaure. Aka shigo da Cindo a kafaɗa, aka turo Yelwa, Nomau ya zo a bayan amalanken wani tsohon abokin aikinsa. Hansai ta faɗi abin da ya tara su. Yelwa ta leƙa ɗakin ta toshe hanci, ta ce da 'yar muryar da ta rage, “Uwar daddawa, wanda ya kwana nan ko bai yi wanka ba kare zai bi shi.” Cindo ya yi gurnani. Yelwa ta ce, “Wai ya ce a ba ni, ni mace ce. Ƙarya yake, idonsa na kan ƙofar.” Nomau ya ce, “Ni duk inda aka aje ni.” Kowa ya san abin da rashin ɗakin ke nufi gare shi.

Tabawa ta ciro makullin daga wuyanta. Da hagu ta riƙe shi, hannun da ba a ba mutum abu da shi, amma shi Allah ya bar mata.

Ta dubi Cindo. Ba don yatsunsa ba, da ta mutu a tsaye cikin mutum ashirin ba wanda ya sani. Amma shi ya ƙara wa takawar sauri, kuma saninsa a cikinsa zai ruɓe da ba a sami mai fassara ba.

Ta dubi Yelwa. Ba don kunnenta da guɗarta ba, da an yi wa Cindo dariya an ɗaga shi an ci gaba, da likita ma yana can ciki. Ta taɓa abin da ta fi tsoro a duniya, ta rasa muryar da ita kaɗai ta rage mata. Amma kirarinta ne ya hana Tabawa zama.

Ta dubi Nomau. Bai ji komai ba, bai gane komai ba, har yanzu in aka tambaye shi abin da ya faru ranar sai ya sosa kai. Amma da sani da shela duk a bakin ruwa za su tsaya. Shi kaɗai aka gaya wa ƙarara cewa abin zai iya kashe shi, ya ce ya tuna, ya durƙusa.

Har ladan ya fara gyaran murya a masallacin Juma'a, makullin na nan a hannunta, ya jiƙe da gumi.

To, ga ku nan, masu baki da ƙafafu. Ɗaki ɗaya ne, makulli ɗaya, wanda bai samu ba kun ji inda zai ƙare. Cindo da ya ji, Yelwa da ta faɗa, ko Nomau da ya ɗauka: a tafin wa Tabawa za ta sa makullin nan?